Abin da tsohon wasan tuƙin jirgi ya koya mini a aikin rubuta manhaja

Sana'ata rubuta manhajojin waya ce, kuma mafi yawan masu amfani da abin da muke yi ƙananan wayoyi ne a hannunsu, masu cika da wuri, ga tsadar data. A irin wannan aiki bakin kowa ya saba da cewa wayar ce ba ta da ƙarfi. Ni kam tarihin wasan Flight Simulator ne ya rage mini wannan ƙorafi, ya kuma sauya yadda nake zaɓen abin da zai shiga manhaja da abin da za a bari.

Bruce Artwick ɗalibin injiniya ne a Jami'ar Illinois da ke Amurka a tsakiyar shekarun 1970, kuma bincikensa na digiri na biyu a kan yadda kwamfuta za ta zana abin da matuƙin jirgi ke gani ne. Shi da abokinsa Stu Moment, wanda ya iya tuƙin jirgi, suka kafa kamfanin subLOGIC, suka fitar da wasan a kwamfutar Apple II wajen shigowar 1980. Sai mutum ya san ƙwaƙwalwar wannan kwamfuta kafin ya gane girman aikin. Sunanta 6502, kuma ko umarnin yin sau ba ta da shi. Tana tarawa, tana ɗebewa, amma idan kana son 7 sau 9 sai ka rubuta mata hanyar da za ta bi ta kai ga amsa. Shi kuwa zanen duniya yadda za ta riƙa juyawa idan jirgi ya karkata, lissafin sau ne tun daga farko har ƙarshe, kowane ɗigo da nasa. Dole masu rubuta manhaja na lokacin su lissafa amsoshi tun da wuri su jera su a jadawali, kwamfuta ta riƙa ɗauka maimakon ta tsaya lissafi.

Tunda ba za a iya yin komai ba, sai da Artwick ya zaɓa. Ƙasa ta zama fili mai layuka, duwatsu zane kawai. Amma agogunan jirgi bai yi musu rowa ba. Na kunna fitowar 1982, wadda Microsoft ta sayar don IBM PC, a manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci. Rabin allo na sama kusan babu komai: sama, ƙasa, da titin jirgi da aka ja da farin layi, hoton ma yana tafiya yana tsattsayawa. Rabin ƙasa kuwa cike yake da agogunan ƙaramin jirgin Cessna 182, na gudu, na nisa daga ƙasa, na karkata, na alƙibla, da wanda ke nuna ko hawa kake ko gangarowa. Ka ɗaga hancin jirgin fiye da kima, allurar gudu za ta yi ta ja da baya a gaban idonka, har fukafukai su kasa riƙe shi ya sunkuyo. Babu bishiya ko ɗaya a waje, amma hannuna sai da ya yi gumi a kan madannai.

Wannan na ɗauka na kai wurin aiki. Muna da manhajar da masu shago ke rubuta bashin abokan ciniki a ciki, kuma an so a ƙawata ta da hotuna masu motsi. Na tsaya a kan cewa mai shago abu ɗaya yake buɗe ta ya gani, nawa ake bin wane, kuma dole adadin ya fito daidai nan take ko da babu sabis. Wanda ke da layin mutane a gaban teburinsa ba ya jiran ado ya gama lodi. Muka cire kwalliyar, muka zuba ƙarfinmu a kan lissafin da ajiye shi a cikin wayar.

Saboda yadda wasan 1982 yake tatsar injin kwamfuta kai tsaye, har ma'auni ya zama. Kamfanonin da ke ƙera kwamfutoci masu kwaikwayon IBM sukan gwada su da Flight Simulator da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, idan sun tashi lafiya an san kwaikwayon ya yi.

Abin da tsofaffin masu sha'awar wasan suka fi tunawa shi ma ya ba ni abin tunani. Ba kasafai suke zancen kyan hoto ba. Zancensu Meigs Field ne, ɗan ƙaramin filin jirgi a bakin tafkin Michigan a Chicago, inda wasan ke ajiye mutum idan ya kunna, shekara da shekaru. Mutanen da ba su taɓa taka Amurka ba sun san cewa idan ka tashi ka nufi arewa, dogayen benayen birnin na hagunka, ruwa na damanka. A daren 30 ga Maris 2003 magajin garin Chicago, Richard M. Daley, ya sa katafila ta haƙa manyan alamomin X a kan titin filin, aka rufe shi ba tare da sanarwa ba. Masu wasan a ƙasashe da dama sun ji abin kamar an rushe makarantar da suka yi firamare. Tun daga nan nake ba allon farko na kowace manhaja muhimmanci na daban, domin wurin da mutum ya fara koyo shi ke zama masa gida, kuma ba a sauya masa shi haka kawai don mai zane ya gaji da ganinsa.

A Janairun 2009 Microsoft ta rufe sashen da ke yin wasan, bayan fitowar Flight Simulator X ta 2006. Wasan bai mutu ba, saboda an bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ƙara jirgi ko filin jirgi nasa. Fiye da shekara 10 masu sha'awa da ƙananan kamfanoni ne suka riƙe shi. A dandalin VATSIM, wanda aka kafa a 2001, wasu kan zauna a gidajensu su yi aikin masu ba jirage umarni, da ƙa'idoji da kalaman da ake amfani da su a hasumiya ta gaske, ba wanda ke biyan su sisi. Ina ganin kamfani ba ya iya sayen irin wannan riƙo, iyakarsa ya bar wa mutane hanya.

Da wasan ya dawo a Agustan 2020, kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ne ya gina shi, da hotunan tauraron ɗan'adam na Bing Maps, duniya gaba ɗayanta, ana jawo ta ta intanet yayin da kake tafiya. Aiki ne mai ban mamaki, ko da yake mai sayen data da awo zai ji a jikinsa. Matsalar ta tashi daga ƙarancin wuri ta koma yawan bayanan da ba mai iya duba su duka. A wata unguwar Melbourne ta Ostareliya sai ga wani siririn bene ya soki sama a tsakiyar ƙananan gidaje, domin wani ya rubuta hawa 212 a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, inda ya kamata ya rubuta 2, injin da ke zana gine-ginen wasan kuma ya gina abin da aka ba shi. Kafin a gyara, masu wasan sun yi ta rububin sauke ƙananan jirage a kan rufinsa. Mu a wurinmu, duk inda mutum zai shigar da adadi da hannu yanzu akwai iyaka, kuma idan mai shago ya rubuta bashin da ya ninka abin da ya saba rubutawa nesa ba kusa ba, manhajar takan tambaye shi ko haka yake nufi kafin ta ajiye.