Godiya daga Gadarif: Auta ta tashi, ta cika shekara bakwai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, Auta tana gida. Tana cin abinci, tana takawa da ƙafarta har bakin ƙofa, jiya ma har faɗa suka yi da yayanta a kan wurin kwanciya, na zauna ina kallonsu ban raba ba don daɗi. Ranar Juma'ar da ta wuce kuma ta cika shekara bakwai. Labarin asibiti ba zan maimaita shi ba, kun bi shi tun daga farko, wasunku ma sun fi ni riƙe abin da ya faru a wace rana. Godiya ce ta kawo ni. In kun ga rubutun yana kwan gaba kwan baya ku yi mini uzuri, har yanzu ban rama barci ba.

Akwai dare ɗaya da ban faɗa wa kowa yadda ya kasance ba. Likita ya zo zagaye bayan magariba, ya ja fatar idonta ƙasa, ya buɗe tafin hannunta ya duba, fari fat. Bai ce mini komai ba, sai ya juya wajen babanta ya ce a nemo jini a daren nan, kada a bari sai safe. Zazzaɓin cizon sauro ya cinye mata jini. Na babanta bai dace ba, ni kuma aka ce nawa ko ni bai ishe ni ba. Ina zaune a gefen gadon ina yi mata fifita da kwali, ina jin ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba in na miƙe, sai ta buɗe ido ta ce, “Umma, bana ma babu kek?”

Waɗanda suka san mu tun Hartum sun san inda tambayar ta samo asali. A 2023, shekarar da yaƙin Sudan ya ɓarke, za ta cika shekara biyar, na sayi fulawa da sukari na ajiye, muka yi da ita cewa bayan an sha ruwa za a yanka, tunda goman ƙarshe na azumi ake ciki. Ranar Asabar 15 ga Afrilu aka wayi gari da harbi. Fulawar nan a kicin ɗinmu na unguwar Mayo muka bar ta, muka gudu Madani. Shekarar da ta biyo baya kuwa muna nan Gadarif, wata huɗu da gudowarmu daga Madani, mu tara a ɗaki ɗaya, wa yake ta kek? Ashe yarinya tana ƙirgawa. Na ce mata, “Ki tashi kawai, wallahi zan yi miki wanda ya kai faɗin siniyya, babban tiren nan na cin abinci.” Na rantse ne ban san da me zan yi ba, ban ma san ko za ta kai ranar ba. Allah ya yafe mana abin da zuciya take saƙawa a irin wannan lokaci.

Wanda ya ba da jinin ya hana ni faɗa, amma ba zan iya ba. Yaron raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, na layinmu ne, ɗan Goggo mai godo-godo. Ba mu haɗa komai da shi ba sai maƙwabtaka. Azumin Sitta Shawwal yake yi ranar, ruwa da dabino kawai ya sa a cikinsa babanta ya kira shi, kuma kiran ma don ya kai shi neman wasu ne. Da ya ji dalili sai ya ce, “Baba, a fara gwada nawa mana kafin mu ƙona mai.” Aka gwada ya dace. Ya ba da leda guda, ya sha shayi, ya koma kan rakshansa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan titi, ya ba ka mata ta gari da 'ya'ya masu jin ƙanka. Goggo, kin haifa, Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Da aka sallame mu sai alkawari ya tsaya mini a wuya. Gas babu, wutar lantarki sai an ga dama, tanda kuma ba ni da ita, murhun gawayi ne kawai. Na kai kukana wajen Hajiya ta gidan kusurwa, wadda kafin yaƙi ita ake kai wa aikin habiz, wato biskit da kayan gashi, na biki da na Salla a Omdurman. Ta ji ni har ƙarshe sannan ta ce, “'Yar nan, manta da kek mai tudu. Shi yana son wuta mai daidaito daga sama da ƙasa, ga cin ƙwai. In kika kai shi furun, tandar masu burodi, bayansa zai ƙone cikinsa ɗanye. Biskit za mu yi guda ɗaya, faɗin siniyya, mu yi masa kwalliya. Yaro faɗi yake gani da launi.” Na yi jim, don ni kek na yi alkawari. Ta ce ai faɗin siniyya na ce, kuma faɗin siniyya za a ba ta.

Kayan kuwa kowa da abin da ya kawo. Fulawa daga ɗakin Uwar 'yan biyu ta fito, ragowar ta Salla. Sukarin Kenana Inna ta kwance daga ƙullin da take ɓoyo don shayinta na safe, wanda ko jikokinta ba sa taɓawa. Man shanu Hajiya ta kawo a kwalba. Ƙwai uku matar mai shago ta aiko da su a cikin kwano da dusa don kada su fashe. Cakulan da ake barbaɗawa a irin wannan biskit ba mu ma neme shi ba, muka yayyanka dabino ƙanana, muka soya riɗi sama-sama, tunda riɗi dai ba a rasa shi a Gadarif.

Da yawa kun tambaye ni yadda aka yi bayan kun ga hoton, to ga shi yadda na gani a hannun Hajiya. Man shanu kofi ɗaya da rabi da sukari kofi ɗaya da rabi ta fara bugawa da muciya, ta daɗe tana yi har ya yi haske ya yi laushi, ta ce a nan aikin yake. Sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Fulawa kofi huɗu ta tankaɗe da bekin foda cokalin shayi biyu da ɗan gishiri, ta zuba a hankali. Da fulawa ta shiga sai ta daina bugu, juyawa kawai take har farin ya ɓace. Na miƙa hannu zan murza kamar ƙullin cincin ta buge mini hannu, ta ce murza shi ne yake sa biskit ya yi tauri. Tataccen man shanu ba shi da ruwa a jikinsa irin na bota, shi ya sa ƙullin ya so ya wargaje, ta ɗiga madara cokali biyu ya haɗe. Ta shafe siniyya da mai, ta barbaɗa fulawa, ta baje ƙullin da tafin hannu, kaurin yatsa ɗaya tun daga tsakiya har gefe, ta bar tazarar yatsa biyu a bakin siniyyar don zai buɗe in ya ji wuta. Zafin Afrilu kun san shi, kafin mu gama man ya fara tsatsafowa. Sai ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ta ajiye a gindin randa ya ɗan yi sanyi.

Mai furun na bakin titi shi ne mutum na biyu da zan ambata ko bai so ba. Ba Bahaushe ba ne, ban taɓa yin magana da shi ba sai ta miƙa kuɗi da karɓar burodi. Na kai masa siniyyar da la'asar, ya ɗaga ƙyallen ya duba, ya ce in ya sa yanzu gawayi zan ɗauka, wutar burodi ta fi ƙarfin abu mai sukari da mai. Ya ce in dawo bayan isha, in ya kwashe burodin ƙarshe. Ya tambayi na wane ne, na faɗa masa, ashe ya ji labarin yarinyar da aka ƙara wa jini. Da na dawo yaransa duk sun tafi, shi kaɗai yake zaune a kan buhu yana jira wutar ta kwanta. Can sai ya tashi ya ɗebi fulawa da yatsu ya watsa a ƙasan furun ɗin, nan take ta yi baƙi, ya koma ya zauna. Ya jima ya sake watsawa, wannan karon a hankali ta yi ja. Ya ce yanzu. Ya tura siniyyar da doguwar itacen nan tasa, bai matsa daga bakin furun ɗin ba, da aka yi rabi ya jawo ya juya ta don ɓangaren ciki ya fi zafi. Wajen minti ashirin da biyar ya fito da ita, gefe ya yi ja, tsakiya kuwa da na taɓa sai na ji ta da laushi. Na ce a mayar bai gasu ba. Ya ce a'a, zafin siniyyar zai ƙarasa shi, in aka jira tsakiya ta yi ƙarfi a wuta to gefen ba zai tauno ba gobe. Na zaro kuɗi ya ɗaga hannu ya ce in sa shi a addu'a, shi ma yana da ƙarama a gida. Mutumin da zai tashi tun kafin asuba ya kunna wuta, ya zauna har wannan lokaci saboda biskit ɗin yarinyar da bai taɓa gani ba. A kan hanya ina tafe da siniyya a ka ina kuka, ina kuma tsoron kada kukan ya sa ta karkace, don da ɗuminsa karyewa yake.

Kwalliyar sai da safe, bayan ya huce sarai. Ta bota da ake gani a hotuna ba ta yiwuwa a nan, kafin a gama Fatiha ta zama miya. Sukari aka daka a turmi, Yaya da 'yarta suka yi ta karɓa-karɓa da taɓarya, ana tankaɗewa da siririn mayafi ana mayar da tsakin, har ya zama gari. Hajiya ta riƙa ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri yana bin cokali. Ta raba biyu, rabi ta bar shi fari ta shafe saman, rabi ta ɗiga masa zoɓo da aka jiƙa da kauri, ya fito da wani launi tsakanin ja da ruwan hoda. Akwai wata tsaga da ta ratsa daga gefe a cikin dare, Hajiya ta bi kanta da furanni, wanda bai sani ba sai ya ce da gangan aka jera su. Aka zuba jan a leda aka yanke kusurwa, yayanta ya karɓa ya rubuta sunanta. Sai gardama ta tashi a kan bakwai ɗin, ta boko za a sa ko ta Larabci, ƙarshe aka rubuta duka biyu. Gefen kuma soyayyiyar gyaɗa aka zagaya da ita.

Da aka fito da shi tsakar gida Auta ta daɗe tana kallo, sannan ta buɗe hannuwanta biyu ta auna faɗin, ta ce, “Umma, ya fi ni.” Malam na masallacin layinmu ya yi addu'a, aka shafa, aka yanka. Yaran layi duk sun samu, har da na 'yan gudun hijirar da ke makarantar bayanmu, waɗanda Inna ta aika a kira. Ita mai bikin ɗan yanki ɗaya ta ci ta ce ta ƙoshi, amma ta sa an ajiye mata wurin da sunanta yake.

Kawu da ke Jidda, kuɗin da ka turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya shigo ana gab da rufe kantin magani, da shi aka sayi allurai. Allah ya ƙara buɗi. Sista mai aikin dare da ta riƙa haska jijiya da fitilar wayarta in an ɗauke wuta, ban san sunanki ba, Allah ya san ki. Matar gadon da ke kusa da namu, wadda ta raba kisrarta, gurasar dawa, da ni alhali nata ɗan ya fi tawa jin jiki, ban samu lambarki ba, wanda ya san ta ya isar mini. 'Yan uwa na Kano da Damagaram da Mai Wurno da kuka yi ta sauke Alƙur'ani, kun ga amsar addu'arku tana yawo a tsakar gida.

Akwai kuma waɗanda wayarsu ba ta samu hanyar zuwa wajenmu ba duk tsawon kwanciyar nan, amma da hoton biskit ya fita sai ga saƙo cikin gaggawa, ana tuna mini cewa bikin ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce. Na gode da nasiha. Mu ba kiɗa muka yi ba, ba kyandir muka hura ba, sadaka ce aka raba wa yara aka yi addu'a. An ce zumunci a ƙafa yake, mu ko ƙafar ba mu nema ba, “ya mai jiki” a waya ta ishe mu. Ban riƙe kowa ba, Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, duk wanda ya taka, ko ya kira, ko ya ɗaga hannu a sujada saboda yarinyar nan, ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Ka raba su da kwanan asibiti, kada ka nuna musu ranar da za su nemi jini da dare. Ka ba marasa lafiya lafiya, waɗanda suka riga mu ka haskaka kabarinsu. Ka kawo wa mutanen Fashir da duk inda ake cikin ƙunci mafita, ka kashe wutar nan a Sudan, ka mayar da kowa ɗakinsa cikin aminci. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu tambaya ko za mu bi ayarin masu komawa Hartum, ba yanzu ba, sai Auta ta yi ƙwari, kuma akwai awon jini da za mu koma nan da mako biyu, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Hajiya, siniyyarki da muciya yayan Auta zai kawo da yamma. Akwai kuma wata rariya mai jan baki da aka bari a tsakar gidanmu, mai ita ta aiko a ɗauka.