Haƙori ɗaya kacal a taimin

Jama'a Corolla ta ta ba ni aiki a satin nan wallahi. An canza mata gasket a wani gareji a Jekadafari, aka mayar da kamshaf ɗin guda biyu, wato sandunan da ke buɗe bawul ɗin injin su rufe, muka tada ta sai jijjiga, silo ba ya tsayawa, kan titin Dukku ka taka mai tana nishi kamar an ɗora mata buhunan masara. Yaran gareji suka ce fulogi ne, aka canza, shiru.

Sai da Ogan garejin ya dawo ya jona kwamfuta ta nuna P0016, wato kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf ba sa tafiya tare. Aka buɗe murfin sama, ashe sarƙar taimin, wadda ke haɗa kiranshaf da kamshaf, ta tsallake haƙori ɗaya lokacin da ake saka tenshina, wato abin da ke ɗame sarƙar. Ya ce min, "Alhaji, ka gode Allah ɗaya ne, da ya kai uku ko huɗu fistin zai iya dukan bawul, sai dai a sake sauke kan injin."

Abin da ya burge ni yadda ya gyara, ya kawo fistin na 1 can sama, ya daidaita alamomin giya da ƙwayoyin sarƙa masu launi, sannan ya juya injin da sifana zagaye 2 cif, don kiranshaf sau 2 yake juyawa kafin kamshaf ya yi 1. Alamomi suka dawo daidai kafin ya bari a taɓa makulli, yaran kuwa tun farko ba su yi wannan ba, sauri suke su tafi cin abinci.

Gobe in sha Allah zan gwada ta zuwa Kumo.