Yadda na wanke sunana a littafin bashin bankuna

Duk wanda ke da lambar BVN a Najeriya, kuma ya taɓa karɓar rance a banki ko a manhajar waya, to mai yiwuwa yana da fayil a wani wuri da bai taɓa leƙawa ba. Ni ban san da nawa ba sai da na nemi wani banki marar kuɗin ruwa ya saya mini keken aikin wuya ta hanyar murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar mini da ribar da muka amince a kai ina biya a hankali, don shagon ɗinkina da ke Kano. Takarduna sun cika, kuɗi na shiga asusuna suna fita, amma aka ce a'a. Ma'aikacin da ke riƙe da takarduna ya ja ni gefe ya ce, "Malam, matsalar ba daga nan take ba. Je ka nemo rahoton bashinka ka gani da idonka."

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara waɗannan bayanai: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Masu ba da rance ne ke aika musu labarin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Kafin banki ya ba ka rance, ana buƙatar ya duba rahotonka a wajen aƙalla biyu daga cikinsu. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 kuma ta ba kowa haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Na nemi nawa a duka ukun, kuma gara da na yi hakan, domin abin da ke cikin wani babu shi a cikin wani.

Abu biyu na tarar. Na farko wani ƙaramin rance ne da na karɓa a manhaja lokacin kullen korona a 2020, na kuma biya shi tas tun a lokacin, amma rahoton na nuna har yau ana bina. Na biyu ya fi ci mini rai: rancen ƙanena ne da na tsaya masa, ya daina biya bai gaya wa kowa ba.

Na fara da na manhajar don ina ganin shi ne mai sauƙi, ashe shi ne zai fi shan lokaci. Kamfanin da ke adana bayanai ba ya goge komai don kawai ka ce ka biya. Abin da mai ba da rancen ya aiko shi yake rubutawa, kuma sai shi ya aiko da gyara sannan a gyara. Saboda haka na je bankina aka fitar mini da bayanan asusu na watan da na biya, na sa alama a kan ranar da adadin kuɗin, na aika wa masu manhajar ta imel, na kuma shigar da ƙorafi a kamfanin da ke ɗauke da kuskuren. Kiran waya ba ya barin shaida, shi ya sa duk maganar da muka yi da baki sai na bi ta da rubutu. Da suka yi shiru na rubuta musu cewa zan kai maganar hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC, wadda ke sa ido a kan masu ba da rance ta waya. Bayan nan ne suka aiko mini da takardar shaidar babu bashi. Ko da takardar a hannuna ban saki jiki ba, sai da na sake neman rahoton na ga an rubuta cewa an rufe bashin.

Maganar ƙanena kuwa ta gida ce kafin ta zama ta banki. Da na same shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kasuwa ce ta juya mini baya, na ji kunyar fuskantarka." Na yarda da shi, don na san halin da 'yan kasuwa suka shiga. Amma mutanenmu suna sa hannu a takardar tsayawa kamar shaidar ɗaurin aure ce, alhali a wajen banki wanda ya tsaya wa mutum ya ɗauki nauyin biya idan wancan ya gaza. Muka je tare muka zauna da manaja, aka sake tsara biyan zuwa abin da zai iya kowane wata, ni kuma na ɗauki wani kaso. Na dage a rubuta yarjejeniyar a sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ban taɓa jin nauyinta kamar a wannan lokacin ba.

Akwai masu cewa ka canja banki kawai ka huta. Wannan zamanin ya wuce. Tun watan Agusta na 2020 wani tsari na Babban Bankin Najeriya da ake kira GSI ya ba banki damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin wanda ya ƙi biya, in dai ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Akwai kuma masu yawo suna cewa a ba su wani abu su goge maka suna. Kada ka ba su ko sisi. Bashin gaskiya biya ne kaɗai maganinsa, na kuskure kuma hujja.

Wanke suna daban, ɗaga maki daban. A CRC makin, wato lambar da ke nuna wa banki yadda mutum yake wajen biyan bashi, yana tsakanin 300 da 850, kuma ko bayan gyaran nawa bai yi tsalle ba, domin tarihin makara ba ya ɓacewa rana ɗaya. Abin da ya dame ni a nan shi ne, shekara da shekaru ina ɗaukar shadda da yadi bashi a Kantin Kwari ina biya ba tare da an taɓa aiko mini ba, ina zubin adashe ban taɓa tsallake zubi ba, amma duk wannan amanar ba ta shiga rahoton kowa. Ina ganin wannan babban giɓi ne, domin dubban masu gaskiya a kasuwanninmu ba su da abin da za su nuna wa banki.

Don haka na fara gina tarihin da ake gani. Na karɓi ƙaramar murabaha ta janareta, wadda na tabbatar ana kai rahotonta, na sa ranar biya ta zo bayan lokacin da kuɗin ɗinki ke shigo mini, ina biya kafin ranar ta cika. Na goge manhajojin rance daga wayata gaba ɗaya, saboda yawan neman rance nan da can shi ma yana nuna mutum a matse yake. Watannin bayan Sallah, lokacin da aiki ke ja da baya, su na fi jin tsoro, sai na riƙa ware kuɗin biyansu tun cikin azumi da ɗinki ke yawa.

Da na kammala biyan janaretan na koma neman keken, aka amince, duk da sun nemi in ajiye kaso mai ɗan yawa daga aljihuna. Ƙanena har yanzu yana kan biyan nasa, kuma duk ƙarshen wata yakan turo mini hoton rasit, ni kuma in adana shi tare da kwafin yarjejeniyar har ranar da za mu je karɓo tasa takardar.