Kujeru shida

Na sayi teburin. Masu tambayata ko na haƙura, to ban haƙura ba, yana nan cikin falo ya tare rabin hanyar ɗakin Hajiya. Kuɗin adashe ne, na kwasa na kai. Sai dai akwai wata tambaya da tsohon kafinta ya yi mini da hantsi, har yanzu da nake wannan rubutu ba ta sake ni ba.

Yau Litinin, ranar kasuwa, kuma ba ni da aji da safe. Na fara da shagunan da ke wajen babbar kasuwa, masu kayan waje. Akwai wani mai saman gilashi da ƙafafun ƙarfe masu ƙyalli, kujerunsa farare tas. Yaron shago ya rantse na Dubai ne, alhali kwalin da ke jingine bayansa China aka rubuta. Jika ɗari uku da hamsin. Na tuna Auta da ƙwallonsa, na tuna ƙurar hunturu da ke hawa gilashi kafin ka aje tsumma, na ce Allah ya kawo kasuwa. Na biyun irin na garin katako ne da ake matsewa a lulluɓe da fomika. Irinsa Yaya ta saya, moɗa ɗaya ta kife a kai gefensa ya kumbura, har yau bai koma ba.

Daga nan na hau adaidaita zuwa unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, wajen tsohon da Goggo ta kwatanta mini. Na tarar da tebur a gama, wani ma'aikaci ne ya sa aka yi, ya ba da kafin alƙalami, sai aka maida shi Damagaram, ya ce a sayar. Jan katako ne, tsawonsa mita ɗaya da santi 80, faɗinsa santi 90. Tsohon bai tsaya yabon kayansa ba, sai ya sa yara suka kifa shi, ya nuna mini cikin: inda aka sassaƙa katako ya shiga cikin ɗan'uwansa, ba ƙusa kawai aka buga ba, ga ƙafafun da noti ake ɗaure su, ana iya kwancewa in ƙofa ta yi ƙunci. Ya ce kada in bar shi kan dandariyar ƙasa saboda gara. Da aka zo kuɗi ya ce jika ɗari da tamanin, wai katako daga Najeriya yake zuwa ta Jibiya da Ɗan Isa, tun rufe iyakar 2023 ya hau, an buɗe amma shi bai sauko ba. Na taya ɗari da goma, ya ce albarka. Muka ja, muka ja, ya sallama a ɗari da arba'in har da kujeru.

Ina cikin ƙirga kuɗi ya ce, "Ɗiyata, ku nawa ne a gidan?"

Na ce shida, Baba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shida cif? A garin nan?"

Na yi dariya, na fara lissafi a yatsa don in nuna masa. Ni, Maigida, yara uku, Hajiya. Shida ke nan. Amma tun kafin in rufe baki na san Hajiya ba za ta hau kujera ta ci tuwo ba, ita da ke cewa abincin da aka ci ƙafa na lilo ba ya zama a ciki. To a cire ta, a sa ƙanen Maigida da ke karatu a jami'ar Dan Dicko, tunda a nan yake kwana yake ci. Shida dai. Sai yatsana ya tsaya, don ga ɗiyar Yaya, wadda nake riƙo tun tana ƴar ƙarama daga Madarunfa, wadda ita ce ma ke tuƙa tuwon da za a ɗora kan teburin. Bakwai. Ban kai ga baƙin ƙauye ba, masu zuwa asibiti ko kasuwar Juma'a su yada zango wurinmu.

Tsohon bai ce komai a kan lissafina ba. Ya ce in na yarda ya karɓi kujeru biyu na gefe ɗaya, ya yi mini benci mai tsawon teburin. "Kujera mutum ɗaya ta sani," in ji shi. "Benci kuwa, a matsa, a matsa, sai ki ga ya ɗauki huɗu." Na ce haba Baba, ai sai falona ya koma teburin mai shayi. Ya ce, "To, kin taɓa ganin mai shayi ya kori wani don babu wuri?" Yaransa suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma na kafe kan kujeruna. Kujeru shida na gani a hoto, kujeru shida na shekara ina tara wa kuɗi. Ya ce ba komai, in na sake shawara benci jika goma sha biyar ne, ba sai na maido ko ɗaya ba.

A hanya abin ya fara cina. Ni fa ba don gayu kaɗai na so tebur ba. Yara a kwance suke aikin lakwal, littattafansu duk tabon mai da miya. Ni kuma gyaran takardu a kan cinya ya gama mini da baya. Ban taɓa kawowa a raina cewa sayensa zai sa in tsaya gaban baƙo ina ƙirga mutanen gidana ba.

Kuma kada wani ya zo mini da waƙar tabarma, cewa da can kowa ɗaya ne. A tabarma na tashi, na san yadda take. Maza a zaure da kwanon da ya fi nama, mu mata a tsakar gida, ƴar riƙo kuwa sau da yawa a bakin murhu take cin nata bayan kowa ya tashi. Akwai na gaba akwai na baya tun can. Abin da tabarma ke yi shi ne rufa asiri, babu wanda zai shigo ya ƙirga ya ga an rasa wurin mutum ɗaya. Tebur kuwa ko yaro ya iya ƙirga kujeru.

La'asar amalanke ta kawo shi. Sai da aka kwance ƙafafun kafin ya shiga, tsohon ya yi gaskiya. Hajiya ta leƙo ta ce, "Wannan gadon ina katifarsa?" Auta ya zaɓi kujerar kai ya ce tasa ce har abada.

Da dare shinkafa da wake. Ƙanen Maigida bai dawo ba, don haka akwai kujera a sake. Na ce wa ɗiyar Yaya ta zauna. Ta zauna a bakin-baki kamar za a ce ta tashi, ta yi loma biyu, sai ta ɗauki kwanonta ta ce bari ta taya Hajiya hira. Na ji su can suna dariya. Ban kira ta ba, ban kuma ji daɗin shinkafar ba.

Maigida ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya ƙwanƙwasa saman da yatsa ya ce, "Da kujerun? To ba laifi." Daga wurinsa wannan yabo ne.

Ƙafa ɗaya tana rawa, simintin falon ne bai daidaita ba, na cusa kwali. Yaya ta aiko cewa Juma'a tana tafe da yara biyu. Abin da ya rage cikin adashen jika goma ne, kuma takalmin Auta ya yage tun makon jiya.