Yadda Rabuwar P-Square Ta Wargaza Mana Zauren Masoya

Ni ne nake kula da wani zauren masoya P-Square a Facebook lokacin da tagwayen mawaƙan nan, Peter da Paul Okoye, suka raba gari a shekarar 2017, Peter ya koma Mr P, Paul kuma ya zama Rudeboy. Na ɗauka aiki ne kawai zai ƙaru mini, amma sai Mr P ya zama abin cece-kuce, domin shi ne ya rubuta wa lauyansu takardar neman ɓallewa, jama'a da dama kuwa suka ɗora masa alhakin raba gida.

Duk waƙar da ya fitar, kafin a saurare ta an riga an yanke mata hukunci. Masu adawa da shi su ce rawa kaɗai ya iya, murya da rubutun waƙa na Paul ne, magoya bayansa kuma su ce ƙyashi ne ke damun mutane. Wannan gardama ba ta dame ni ba, tunda magana ce ta waƙa. Abin da ya kashe mana zaure shi ne maganar iyali. Wani ya sa hoton matar Peter da dare, yana cewa ita ce ta shiga tsakanin 'yan'uwa, kafin gari ya waye an koma zagin uwa da uba, har wata baiwar Allah da ta daɗe tana rubuto mana baitocin waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya ta fice ba ko sallama. Har yau hoton nan yana ci mini rai, domin waɗanda suka fi zaƙewa ba su san abin da ya faru a cikin gidan ba, jita-jita ce kawai suka hau kai suka zauna.

Tagwayen sun shirya a watan Nuwamba na 2021, amma mutanenmu da suka zagi juna a kansu ba su shirya ba. Saboda haka da rikicin ya sake ɓarkewa a 2024, na kafa doka tun ranar farko cewa a soki waƙa yadda aka ga dama, amma duk wanda ya ambaci mata ko 'ya'yan wani, ko Jude, yayan tagwayen, zan goge rubutunsa nan take. Mai riƙe da irin wannan zaure ya sa dokar kafin rikici ya zo, kuma ya nemi mataimakin da ba ya barci da wuri.