Bikin Kumasi da katin rigakafin takwarar Hajiya

Talata, bayan sallar isha'i.

Tun da aka sa ranar bikin ƙanwar mijina, Abban 'yata, muke ta lissafin kuɗin jirgi, Kano zuwa Legas, Legas zuwa Akra, daga nan mu ƙarasa Kumasi. Lissafin watannin yarinyar ne ban zauna na yi ba sai da asubar yau, ina neman fasfo a cikin akwati katin rigakafinta ya faɗo. Ranar ɗaurin aure za ta kasance tana da wata takwas da 'yan kwanaki. Alluran wata tara kuwa, ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, gurbinsu fari fat a katin.

Da na nuna wa Abbanta, murna ma ya yi. Ya ce ai Gana ba ta neman katin shaidar allurar ciwon shawara sai ga wanda ya kai wata tara, saboda haka mu wuce tun kafin ta kai, mun huta da bin layi. Na ce masa, "Yallaɓai, ma'aikacin filin jirgi ne zai ɗaga mata ƙafa. Cutar fa, ita ma za ta ɗaga?" Ya yi dariya, ya ce in je in tambayo masu abin, ya fita aiki.

Na goya ta na tafi asibitin unguwarmu, yau ranar awo da rigakafi ce, benci cike. Sai da aka sallami masu allura sannan na samu malamar da ta yi mata tun na sati shida. Ta buɗe katin tana bi da biro: BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta na ranar haihuwa, sai Penta, allurar cututtuka biyar, sau uku, a sati 6 da 10 da 14, tare da ta ciwon haƙarƙari da ɗigon gudawa, sai bitamin A na wata shida. Ta ce, "Maman bebi, ke kam ba ki da bashi." Na ji sanyi, musamman saboda Penta ɗin nan ita ke ɗauke da kariyar mashaƙo, kuma duk wanda ya zauna a Kano a 2023 ya san abin da mashaƙo ya yi wa yara.

Daga nan maganar ta yi tsawo. Allurar shawara, in ji ta, ba a yi wa ɗan ƙasa da wata shida ko kusa, don tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Tsakanin wata shida da tara ma sai idan annoba ta ɓarke a inda ake, likita ya auna ya ga haɗarin cutar ya fi na allurar. Biki ba ya cikin wannan. Kuma ko an yi ta ranar da yarinya ta cika wata tara, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Na tambaye ta ko shawarar ma tana nan har yanzu, don ni a raina ciwon zamanin kakanni ce. Ta tuna mini da ɓarkewar da aka yi a Bauchi a 2019, wadda ta taso daga wajajen Yankari, ta ce Gana ma ta yi tata a arewacin ƙasar a 2021. Sauron da ke kawo ta da rana yake cizo, gidan sauro na dare ba ya isa shi kaɗai.

Ƙyanda ce ta fi tsaya mini a rai. Ita ba ruwanta da sauro, a iska take, kuma tana iya zama a ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Na hango ɗakin jiran jirgi a Legas, na hango gidan biki a zango, mata daga Tamale, daga Lome, daga Yamai, kowace da goyonta, kowace kuma sai ta ɗauki takwarar uwar amarya ta yi mata rawa. Wa zai hana su? Ni suruka, baƙuwa, in ce kada a taɓa mini 'ya? Kariyar da jariri ke samu daga jikin uwarsa kuwa, zuwa wannan watannin ta riga ta yi rauni.

Malamar ta ce akwai hanya: ana iya yi wa ɗan wata shida zuwa sama allurar ƙyanda kafin lokaci idan zai yi tafiya. Sai dai ba ta shiga lissafi, dole a sake ta wata tara, a sake ta wata 15 kamar kowa, kuma a bar aƙalla sati huɗu tsakani. Haka ita da ta shawara, ko dai a yi su rana ɗaya, ko a raba su da sati huɗu. Jiki kuma yana bukatar kamar sati biyu zuwa uku kafin ya gina kariya, zazzaɓin da takan kawo ma ba ranar yake zuwa ba, sai bayan mako guda ko fiye. Muka ɗora wannan a kan kalandar bango, sai ga shi idan aka yi mata a satin nan, zazzaɓin na iya riskar mu a hanya ko a tsakiyar biki, sannan ta cika wata tara a Kumasi ba ta da katin shawarar dawowa, ga allurar ƙyandar ta tura ta shawarar gaba.

Ta kuma tambayi nawa katin. Na ce na yi tun kafin aure, lokacin Umara. Ta ce shi ke nan, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma na yi sa'a, don mai shayar da ƙaramin jariri ba a gaggawar yi mata.

A hanyar gida na haɗu da maƙwabciyata, 'yar kasuwa ce mai yawan tafiya. Ta ce in daina wahalar da kaina, akwai masu samar da kati ba tare da allura ba. Na yi mata godiya kawai. Babba ya yi wa kansa wannan, shi ya sani, amma a buga wa jaririya hatimin ƙarya, ni ban ga wanda aka cuta ba in ba ita ba.

Abbanta bai yi gardama sosai ba da na zayyana masa, abin da ya dame shi kuɗin canza tikiti ne da kuma yadda za a faɗa wa Hajiya. Ya ce ni zan kira. Na ce mahaifiyarsa ce. Ƙarshe dai ya kira, ya gaisa, ya miƙo mini wayar ya shige banɗaki.

Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, har ta ce, "'Yata, faɗi abin da ke bakinki." Na faɗa. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ta rasa ɗa da ƙyanda kafin a haifi Abbanta, abin da ban taɓa ji ba a gidan. Ta ce in bar mata takwararta a Kano har ta gama alluranta, biki ba zai fasa ba don babu mu, amma da sharaɗin in mun zo sai mun yi mata wata guda cur.

Yadda muka tsayar ke nan: shi zai tafi biki shi kaɗai da kayan gudummawa. Mu kuma ranar da ta cika wata tara a yi mata ukun tare, in je ofishin lafiya na filin jirgi a yi mata katin shawara, mu jira sati uku, sannan mu bi. Atamfar anko da na riga na kai ɗinki ce kawai take ba ni haushi. Gobe in Allah ya kai mu zan kira mai sayar da tikiti in ji nawa za su cire, in kuma tambayi ko kujerar gaba mai gadon jariri tana samuwa a jirgin Akra.