Ledar fiya wata a tsibirin Firinsipe

Ni malamin sakandare ne a Kaduna, ilimin halittu nake koyarwa. Wani ƙarin karatu da na yi kan halittun ruwa ne ya kai ni tsibirin Firinsipe a matsayin ɗan sa-kai, daidai lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai. Tsibirin yana mashigin tekun Gini, sama da kilomita 200 daga gaɓar Afirka, shi da Sao Tome ne suka haɗu suka zama ƙasa guda. Mutanensa ba su wuce 10,000 ba, Fotugis ne harshen hukuma, kuma tun 2012 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Daji ne kore shar har bakin ruwa, ba hayaƙin masana'anta, ba cunkoson motoci.

Aikin kashi biyu ne. Da dare sintiri a gaɓar Firaya Girande, da sassafe kuma kwasar shara. An haɗa ni da wani dattijo ɗan garin, Baba nake ce masa. Da can kama kunkuru yake yi yana sayar da nama, sai doka ta hana, aka ɗauke shi aikin gadin abin da yake farauta jiya. Ba ya jin Turanci, ni kuma Fotugis ɗina bai wuce na gaisuwa ba, don haka wata ɗaliba ce ke mana tafinta, in ba ta nan kuma hannu ya ishe mu.

Wanda bai taɓa ganin uwar kunkuru tana haƙa ba, ba zai gane wahalar da take sha ba. Dabba ce da kan haura kilo 100, a ruwa aka halicce ta, don haka jan ciki take yi a kan rairayi, ta ja ta tsaya ta yi nishi. In ta sami wurin da ya yi mata, sai ta share shi da hannuwan gaba, sannan ta sa ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya tana ɗebo ƙasa a hankali har rami ya yi zurfi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe. Wani dare muna durƙushe a bayan wata, sai ƙafarta ta ci karo da igiyar jirgin ruwa mai kauri da rairayi ya binne. Ta kankare, ta sake kankarewa, igiya ba ta motsa ba. Ta bar ramin, ta matsa gaba ta fara sabo, can ma ta tarar da guntun jarka. Daga nan ta juya ta koma ruwa da ƙwanta a ciki. Baba ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya zaro adda ya fara saran igiyar cikin duhu.

'Ya'yan kuwa, bayan kamar wata biyu suke ƙyanƙyashewa, ko tafin hannu ba su cika ba. Dole su isa ruwa kafin rana ta yi zafi, kafin ƙaguwa da tsuntsaye su ankara. Silifas ɗaya a kwance ya isa ya tare musu hanya. Na ciro wani daga cikin yagaggen taru, zaren ya naɗe masa wuya da hannu, sai da muka sa almakashi muna yanka zare ɗaya-ɗaya. Manyan ma ba su tsira ba, domin ledar da ke lilo cikin ruwa tana musu kama da wasu halittu masu santsi da suke ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci aka farke tumbin tunkiya aka fito da dunƙulen leda, ya san sauran labarin: ciki a cike, dabba tana ramewa har ta mutu.

Ba kwasa kawai ake yi a zuba a buhu ba. Ana shimfiɗa tamfol a zazzage, a ware gorar roba gefe, murafe gefe, silifas gefe, taru da igiya gefe, a ƙirga, a auna a sikeli, sannan a karanta duk rubutun da gishiri bai cinye ba. A nan ne jikina ya yi sanyi. Akwai gorori masu rubutun Faransanci, akwai masu rubutun Sinanci waɗanda ake zaton daga jiragen ruwa aka jefo su. Sai ga ledar fiya wata, an huda kusurwarta da haƙori kamar yadda muke yi, da lambar NAFDAC da adireshin Najeriya raɗau a jiki. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ɗalibar ta faɗa wa Baba cewa daga ƙasarmu suke. Bai yi fushi ba. Ya jujjuya ledar, ya tambaya ko mene ne ake sawa a ciki. Na ce ruwan sha. Ya ce a gaya mini, shi bai taɓa shan ruwa a irin wannan ba, amma ya fi shekara nawa yana tsince ta.

Yadda take zuwa ba wani abin mamaki ba ne. Akwai igiyar ruwa da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas, ta wuce Abijan da Akara da Legas, ta shigo wannan kusurwa ta teku da abin da ta ɗebo. Ga kuma kogin Kwara, wanda ya ratsa Yamai, ya karɓi kogin Sakkwato da na Kaduna, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya juye a teku. Wani bincike na 2017 ya sa Kwara cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku. Wani na 2021 ya nuna ƙananan kogunan biranen bakin teku sun fi yadda aka zata ɓarna. Madatsun ruwa kuma irin su Kainji da Jebba da Shiroro suna tare wani kaso. Duk da haka, ruwan kwatar unguwarmu in ya bar ƙofar gida, kogin Kaduna ya nufa.

Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne ɓurɓushi. Rana tana gasa roba har ta yi rauni, kana taɓa ta sai ta farfashe. In ka sa rariya ka tankaɗe rairayi, sai ka ga shuɗi da ja da fari ƙanana, waɗanda ba hannun da zai iya tsince su. Wurin da muka share tas kuma, in ruwa ya cika ya janye, sai a sake sabon lale. Ba Firinsipe kaɗai ba ce. A tsibirin Handasan da ke tekun Fasifik, inda ba kowa ke zaune ba, binciken da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta guntayen shara kusan miliyan 38. A tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel an kwashe shara tan 25 a 2019, aka ƙiyasta sama da tan 500 ya rage, mafi yawansa kayan masunta.

Mutanen tsibirin sun yi nasu ƙoƙarin. Sun taɓa yin wani shiri da duk wanda ya kawo gorar roba 50 ake ba shi gorar ƙarfe ɗaya, ya riƙa cikawa da ruwa. Amma me za su yi da sharar da ba su suka zubar ba? Ana cewa alhakin na kowa ne, na yarda, sai dai kason bai zama ɗaya ba. Yaron da ya sha fiya wata a tasha ya jefar, bai ga kwandon shara ba, kuma da famfo na kawo ruwa mai tsafta da bai saya ba tun farko. Kamfanin da ya ƙulla ruwan ya ci ribarsa, kwasar ledar ba ta cikin lissafinsa. Masu jiragen kamun kifi suna yar da taru a tsakiyar teku inda ba mai ganin su. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana farar robar zuba abinci a 2024, wato in hukuma ta so za ta iya. Ƙasashen duniya kuwa sun amince a Nairobi a 2022 za su ƙulla yarjejeniya kan roba, aka zauna a Busan a 2024, aka sake zama a Janiba a 2025, duk aka tashi baram-baram, domin wasu ƙasashe masu arzikin mai ba sa son a taɓa yawan robar da ake ƙerawa. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don kuwa kwasa ba za ta taɓa cim ma zubarwa ba.

Da na dawo na rataya buhu a ƙofar kowane ajin da nake shiga, na ledar fiya wata zalla. Masu saye ba sa karɓar jiƙaƙƙiya ko mai ƙasa, sai an shanya an tara da yawa, kuɗin kuma ba wani abin kirki ba ne, amma yana sayen alli da tsintsiya. Na kuma je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, in an yashe kwata kafin damina, a daina jibge dattin a bakin hanya, ruwan farko yana mayar da shi ciki." Ya ce sai an sami motar kwasa ranar da aka yi aikin gayya. Mun yi karo-karo mun ɗauki hayar tifa a bana, ta kwashe na layinmu da na bayan masallaci. Layukan da ke gangare wajen rafi ba mu kai gare su ba tukuna, kuma can ne aka fi zubarwa.